Hannun Daman Mahaifina

A shekarun da wannan abu ya faru ina aiki a wani gidan rediyo a Gusau, ina tace labarai kafin a karanta su, ina zaune a Tudun Wada da iyalina. Aikin ya koya mini kada in yarda da magana sai na auna ta, har a gida aka saba, idan gardama ta tashi ni ake jira in yanke. Mahaifina kuwa yana Nahuce, manomi ne da ya tsufa da ƙarfinsa.

Wata ranar kasuwa yana dawowa daga Bungudu a bayan babur, da buhun taki a tsakaninsa da mai tuƙi, suka zame a bakin kwalbati, kansa ya bugi siminti. Da na je duba shi na tarar yana cin gyaɗa a zaure, yana ba mutane dariya, wai duk hawan jakin da ya yi a duniya bai taɓa kayar da shi ba sai wannan jakin na ƙarfe. Na duba da idona, ƙullutu ne ƙarami a saman kunnen hagu, ko jini bai fita ba. Kafin sati ya zagayo ya koma gona.

Sai da damina ta yi nisa Inna, mahaifiyata, ta kira ni ta ce lomar tuwo tana suɓuce wa Malam daga hannu. Na je na ga abin da ya fi haka. Yana tafiya takalmin ƙafar dama ya cire, ya wuce bai sani ba. Ya miƙo mini hannu mu gaisa, na ji shi kamar tsumma. Ya kalle ni zai kira sunana, bakinsa ya yi ta motsi, sunan ya ƙi zuwa. A idonsa na ga tsoro, kuma ban taɓa ganin mahaifina yana tsoro ba.

Kawu, ƙanen Baba, shi ya fara cewa ko faɗuwar nan ce take dawowa. Ni na kashe maganar. Na ce da hagu ya faɗi, ni na ga ƙullutun, gefen dama ko ƙasa bai taɓa ba, ta yaya za a bugi hagu dama ta amsa. Kawu ya ce to ɗan rediyo ya yi bayani, tunda ba faɗuwa ba ce sai dai iska ya gamu da ita a gona. Aka kira wanzami ya yi masa ƙaho a kafaɗar dama, Inna tana gasa masa hannun da ruwan zafi safe da yamma. Da abin ya ƙi, Kawu ya ce akwai mai magani a Tsafe. Ban yarda da zancen iska ba, amma ba ni da wata amsa, sai na bi su.

A hanyar dawowa daga Tsafe da la'asar Baba ya yi amai a cikin mota, sannan ya jingina da kafaɗata ya yi barci. Na kira shi bai amsa ba. Na girgiza shi, kansa ya faɗo kan ƙirjina. Numfashinsa ya koma minshari mai nauyi, yana tsayawa yana dawowa, duk tsayawar da ya yi sai in ji nawa ma ya tsaya. Kawu yana ta salati, direba yana cewa mu yi haƙuri, wannan hanya ba wadda ake tsayawa a kanta ba ce. Har muka shiga Gusau yatsuna suna kan wuyan Baba ina neman bugun jini.

A asibiti wata likita ta haska idanunsa, ta ɗaga hannayensa biyu ta saki, na daman ya faɗi. Ta tambaya ko ya taɓa buga kansa. Kafin in buɗe baki ta ɗora yatsa a saman kunnensa na hagu, daidai inda ƙullutun ya taɓa fitowa, ta ce ko nan ne. Na ce nan ne. Ta bayyana mini cewa umarnin motsi daga saman ƙwaƙwalwa yake tashi, ya biyo wasu jijiyoyi masu tsawo da ke gangarowa zuwa lakar baya, daga nan ya isa hannu da ƙafa. A wajen ƙeya, kafin su shiga laka, yawancin jijiyoyin nan suna gittawa, na hagu su koma dama, na dama su koma hagu. Saboda haka ƙwaƙwalwar hagu ce ke sarrafa hannun dama. Jini ne yake ta taruwa a hankali a cikin ƙoƙon kan Baba tun ranar faɗuwar, yana danne tushen jijiyoyin. Hannun da muke ta gasawa lafiyarsa ƙalau, saƙo ne ya daina isa gare shi. Dalilin da na bayar na kore zancen faɗuwa shi ne ainihin shaidar cewa faɗuwar ce.

Aka tura mu Sakkwato, aka huda ƙashin kan aka zuƙe jinin. Allah ya yi da sauran kwana, ya farka, magana ta dawo, ƙafar ma ta dawo har yana zuwa masallaci da sanda. Yatsun ne ba su dawo ba. Na tambayi likitan da ya yi aikin ko da mun zo da wuri da sun tsira, ya ce ba zai rantse ba, amma jinkiri bai taimaka ba.

Abin da na koya shi ne, magana tana iya tsaruwa daidai a kunne alhali mai yin ta bai san yadda aka gina jikin ɗan Adam ba. Ina roƙon masu karatu, idan dattijo ya buga kansa, ko ya tashi yana dariya, a sa masa ido makonni. In aka ga hannu ko ƙafa sun yi sanyi, ko magana ta sarƙe, ko barci ya yi yawa, a nufi asibiti a ranar, a kuma faɗa wa likita zancen faɗuwar ko ta wane gefe ce. A yi addu'a a cikin mota ana tafiya. Yanzu mahaifina da hagu yake cin abinci, kuma duk baƙon da ya zauna da shi a kwano sai ya fara ba shi haƙuri kafin ya sa hannu. Ni ma da nake ɗansa, in na je, sai ya ba ni.