Waken Babana da Taron Kansila

A garinmu babu fili. Daga bangon gidan mutum gonarsa take farawa, inda ta ƙare ta maƙwabcinsa ta ɗora, layin gamba ɗaya ne tsakaninsu. Ko akuya za ka ɗaure sai ka duba tsawon igiyar. Sallar idi ma garin da ke gaba da mu muke zuwa.

Shekarar da kansilanmu ya fito neman kujerar ciyaman ina aji biyu a kwalejin ilimi a birni, ina karanta labarin ƙasa. Malamai suka shiga yajin aiki, na dawo gida ana farkon kaka. Ni ba mai magana ba ne. Idan aka zauna a ƙofar gida, bakin tabarma nake zama, in an tambaye ni abu sai amsar ta zo mini bayan an tashi. Abin da na iya shi ne rubutu. Ina da littafi mai baƙin bango da nake sa komai a ciki, ranar da aka yi ruwan shuka, yawan itatuwan gawo daga gidanmu zuwa titi, da awon wuraren da malaminmu ya sa mu yi taswirarsu.

Kansilan sa'an babana ne, tare suka yi makarantar allo. Ya fara da sayar da fetur a kwalba a bakin titi, ya koma mai rabon huluna idan manya sun zo, daga nan ya zama kansila har sau biyu. Kalmarsa ɗaya ce: "An gama." Ka ce masa taki bai iso ba, an gama. Ka ce rufin asibiti yana yoyo, an gama. Ya gina kwalbati a inda ruwa ba ya bi, amma motoci suna bi kuma ana ganinsa. Ya haƙa rijiyar burtsatse wadda ta ba da ruwa ranar buɗe ta da washegari.

Babban aikinsa shi ne katangar firamare. Ya kewaye ajujuwa tsaf, sai bulo ya ƙare daidai inda filin ƙwallo ya fara, filin ya tsaya a waje. Da damina ta zo ya ce bai kamata ƙasar gwamnati ta zauna haka ba, zai noma wa makaranta dawa, a riƙa saya wa yara alli. Shekara shida ke nan a lokacin. Dawar tana shiga rumbunsa, malamai kuwa suna rubutu da guntayen alli. Da farko ana cewa gonar makaranta, daga baya aka koma cewa gonar Honarabul, yara suka koma buga ƙwallo a kan hanya.

Wata rana bayan la'asar ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Na shimfiɗa masa tabarma, na koma gefe.

"Malam," ya ce wa babana, "manyan jam'iyya za su zo ran Asabar ta sama su ga jama'ata. Na duba garin nan kaf, babu fili sai gonarka ta gabas. Ai ka cire gero."

Gaskiya ne an cire gero. Amma wake yana nan, ya shimfiɗe gonar baki ɗaya, ya zuba 'ya'ya, saura kamar sati uku a fara roro. Daga nesa ne kawai take kama da fili. Kuma ba kowane wake ba ne. Iri ne da kakana ya bar wa babana, fari mai manyan ido, kowace shekara sai ya ware na shuka ya ajiye a tulu da toka. A bara ƙwari sun ci rabin abin da ya ajiye, don haka duk abin da ya rage yana cikin gonar nan.

"Akwai ɗan wake a ciki, Alhaji," in ji babana.

"Wake? Malam, ciyaman fa zan zama. In na hau, waken da zan aiko maka sai ka rasa inda za ka zuba. An gama."

Babana ya dubi ƙasa ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Haka yake. Bai taɓa ce wa mutum a'a a ƙofar gidansa ba. Inna kuwa tana bayan katanga, ta ji komai. Ko da muka shiga ta ajiye muciya.

"Allah ya kai mu ina? Mutum ɗari nawa za su taka waken nan?" Ta juyo gare ni. "Kai da aka kai birni karatu, tashi ka je ka faɗa masa ba mu yarda ba."

Na je sau uku. Na farko na tarar da zaurensa cike da mutane, na gaishe shi, na dawo. Na biyu na rubuta abin da zan faɗa a takarda, na haddace a hanya, ina buɗe baki ya ce, "Ɗana, ya karatu?" Na ce lafiya lau, aka ba ni hula mai hotonsa. Inna ta karɓi hular ta rufe bakin tulun ruwa da ita. Na uku ne ya fi muni. Kafin in zauna ya miƙo mini tef ɗin awo.

"Yauwa, ɗan boko. An ce kana auna abubuwa. Je ka auno mini gonar babanka, ka ga rumfa nawa za ta ɗauka. Daga unguwar Bacirawa, can birni, za a kawo su haya."

Na karɓa, na ce to. A hanya na gane daga wa na gaji wannan hali.

Na yi awon. Ban san yadda ake yin aiki rabi-rabi ba, ko da aikin na cutar kaina ne. Na auna tsawo da faɗi ina ɗaga ƙafa kada in taka wake. Tun da tef yana hannuna, na auna hanyar da ta taso daga titi zuwa gonar, da kwanar da ke gindin tsamiya, na rubuta komai.

Ran Laraba sakataren jam'iyya ya zo duba wuri. Mutum ne gajere mai waya biyu, yana magana da ɗaya yana kallon ɗaya. Motarsa ta tsaya a titi, muka taka da ƙafa, shi da kansila a gaba, magoya baya a tsakiya, ni da babana a ƙarshe. Tun kafin mu kai gamba ta cika masa riga da ƙaiƙayi.

"Honarabul, ta ina motoci za su shigo?"

"Za su shigo, ranka ya daɗe. An gama."

"Ban ce an gama ba, na ce ta ina." Ya waiwaya ya ga littafi a hannuna. "Kai mai littafi, me ka rubuta?"

Da cewa ya yi in yi magana, da ban iya ba. Amma karatu ya ce, kuma karatu ba ya ba ni wahala. Na buɗe na karanta masa cewa hanyar ba ta fi faɗin amalanken shanu ba, kuma a kwanar tsamiya ta ƙara tsukewa, motar lasifika ba za ta wuce ba sai an sare gambar mutum tara.

"Mutum tara, kowa da iyalinsa da ƙuri'arsa," in ji sakatare. "Babu wani wuri a bakin titi?"

"Babu," in ji kansila.

Sakatare bai dube shi ba, ni yake kallo. Na juya shafi baya, zuwa awon da na yi wa malaminmu a bara, na karanta kamar yadda yake a rubuce.

"Filin ƙwallon firamare. Yana bakin titi. Ya ninka gonar nan sau biyu da ɗan ƙari. Mota tana iya shiga ta gabas da ta kudu."

Babana ya sa ido a kan takalminsa.

"Mu je mu gani," in ji sakatare.

Muka je. Dawa ce tsaye ta fi mutum tsawo, kore shar, ta fid da kai amma ido bai yi ƙwari ba. Duk garin babu mai irinta, domin takin da ba ya isowa wurin kowa a nan yake sauka.

"Wannan ta wa ce?"

Na ga kansila yana lissafi a fuskarsa. Idan ya ce tasa ce, ya faɗa wa sakataren jam'iyya a gaban mutane cewa ya cinye filin makaranta, ga shi akwai mutum biyu da ke neman tikitin tare da shi. Ya gyara hula.

"Ta makaranta ce, ranka ya daɗe. Ni dai ina kula musu da ita."

"Madalla. Tun da ta gwamnati ce babu wanda zai yi kuka. A sare ta kafin Juma'a."

"An gama," in ji kansila. Wannan ne karo na farko da na ji ya faɗi kalmar aka kuma gama.

Yaransa masu huluna ne suka sare ta. Inna ta ce a kai ta ta gani, da aka hana ta sai ta aiki ƙanwata ta dawo mata da labari. Babana ya je da kansa, ya tsaya a gefe har aka kwantar da kara na ƙarshe. Ya ɗauki kai ɗaya ya murza a tafin hannu, wani farin ruwa ya fito.

"Wata ɗaya ya rage mata," ya ce. Bai yi mini magana ba har muka isa gida. Har yau ban tabbata ba ko fushi yake da ni ko dawar yake tausayi.

Ran Asabar aka yi taro. Motoci suka shiga ta gabas da ta kudu kamar yadda na rubuta. Kansila ya hau dandamali da babbar riga, ya karɓi lasifika, ya nuna ƙasar da kututturan dawa ke tsaye a ciki.

"Jama'a, wannan fili na 'ya'yanku ne. Yau na sare amfanin gona da hannuna na mayar musu da shi. Wa ya taɓa yi muku haka?"

Aka yi tafi, makaɗa suka ɗauka. Hedimasta ma ya yi tafi, yana zaune a layin gaba. Kafin a tashi aka kafa turakun raga guda biyu, kansila ya buga ƙwallon farko, takalminsa ya riga ƙwallon isa.

Bai sami tikitin ba. Manya suka zauna a birni suka yi masalaha, aka ba wani, shi kuma aka naɗa shi mai ba da shawara a kan harkar ilimi. Da damina ta dawo shanun huɗa suka shiga filin tun ruwan farko. Turakun dai bai cire su ba. Suna nan a tsakiyar dawa, duk wanda ya zo wucewa a mota yana iya hango kansu.

Tun daga lokacin ba ya ce mini ɗana. Idan muka haɗu sai ya ce, "Mai awo, yau me aka auna?" Ni kuma in ce lafiya lau, Baba, domin har yanzu amsar ba ta zuwa mini sai na wuce. Sunan babana kuma bai sake fitowa a jerin masu karɓar taki ba.

Waken mun rore shi sati biyu bayan taron, ya yi kyau fiye da na bara. Babana ya zauna a tsakar gida ya tsince manyan ya cika tulu, ya zuba toka, ya liƙe bakin da laka. Sannan ya auni kwano biyu a ƙwarya, kamar yadda yake yi kowace kaka tun suna samari, ya ce in kai gidan kansila.

"Shi za a kai wa?" in ji Inna.

"Bana ba shi da dawa," in ji babana.

Na ɗauki ƙwaryar na tafi.