Mun Kai Inna Ɗa'ifa Neman Dusar Ƙanƙara

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga unguwarmu Kudai, mu huɗu a tsohuwar motar maigidana. Shi yana tuƙi, ni ina gefensa, Inna da ƙanwata suna baya, tsakaninsu bargo uku, tukunyar dambun shinkafa da fulas biyu na shayi. Masu bibiyata da kuka dame ni da tambayar inda na shige ranar Asabar har ban amsa saƙon masu sayen turare ba, to ga inda na je.

Ƙanwata ce ta jawo tafiyar. A nan Makka aka haife ta, Larabci ya fi zama a bakinta, Hausarta kuwa sai an yi haƙuri. Ita ta nuna wa Inna bidiyon duwatsun Tabuka sun yi fari fat da dusar ƙanƙara, samari suna zamiya a kan katako, raƙuma na tsaye suna kallonsu. Inna ta kalla sau biyar, ta ce ita fa tana son ta taka wannan abu da ƙafarta kafin ta mutu. Maigidana ya ce Tabuka tafiyar yini ce cur, motarsa kuwa in ta kai Jidda lafiya sai an yi sadaka. Sai ƙanwata ta rantse cewa dutsen Shafa da ke bayan Ɗa'ifa ma yana yin fari idan sanyi ya tsananta, kuma wayarta ta ce ranar Asabar zai tsananta. Har ta sayo mana hulunan ulu da safar hannu, ta saya wa kanta wani ƙaton tabarau irin na masu zamiyar.

Sai na faɗa muku wani abu game da Inna kafin ku gane sauran labarin. Shekara talatin da ɗoriya ke nan da suka zo aikin Hajji daga Kano ita da Baba, ina goye a bayanta, ba su koma ba. Baba ya rasu a nan. A duk tsawon shekarun nan ba ta da takarda, don haka iyakar tafiyarta Arfa, inda take dafa wa alhazai abinci lokacin Hajji. Bara Allah Ya nufa aka gyara mata zama, ta samu iƙama, wato katin izinin zama. Katin yana cikin leda, ledar tana cikin wata leda, ita kuma tana cikin lalitar da ke ɗaure a ƙugunta.

Mun wuce Muzdalifa gari bai gama wayewa ba, fili fayau, babu kowa sai fitilu. Da muka zo daidai Arfa Inna ta riƙa nuna wa ƙanwata inda suke kafa tukwane, da inda wata shekara guguwa ta ɗauke musu rumfa. Muna barin wurin ta yi tsit. Na waiwaya na ga ta zame ƙasa a kujera, ta ja bargo har hanci. Shingen 'yan sanda ne a gabanmu, jikinta ya riga hankalinta tunawa.

Ɗan sandan ko kallon kirki bai yi mana ba, ya ɗaga hannu ya ce mu wuce. Maigidana ya taka mota. Sai muka ji murya daga cikin bargo:

"Alhaji, tsaya."

"Inna, ai ya ce mu wuce."

"Na ce ka tsaya. Bai duba ba."

Ya tsaya. Inna ta miƙe zaune, ta sauke gilashi, ta shiga kwance lalita. Leda ta farko, leda ta biyu, motoci sun fara yi mana ham a baya. Ta miƙa katin da hannu biyu. Ɗan sandan, wani matashi mai ɗan gemu, ya karɓa yana murmushi, ya duba, ya mayar mata ya ce, "Allah Ya kiyaye hanya, ya ummi." Muka ci gaba da tafiya. Can sai Inna ta ce, "Bai ma kalli hoton da kyau ba." Muka fashe da dariya, ita ma tana yi, tana goge ido da bakin mayafi.

Hanyar Hada, dutsen da ake hawa kafin a isa Ɗa'ifa, ba hanya ba ce ta mai hawan jini. Daga gindin dutsen take fara nannaɗewa, kwana bayan kwana, dutse a hannun dama, rami a hannun hagu, kunnuwa suna toshewa suna buɗewa. Titin kam sumul yake, an yi masa katanga, amma motarmu tana hawa tana nishi kamar a tausaya mata. Maigidana direban bas ɗin alhazai ne, ya ce shi wannan hanya ba komai ba ce a wurinsa. Ku riƙe wannan magana tasa.

Wajen rabin dutsen muka tarar da birai. Ba biri ɗaya ko biyu ba, gari guda, zaune a kan katangar titi, manya da jajayen ɗuwawu, iyaye mata da 'ya'ya a ciki. Ga alluna an rubuta kada a ba su abinci, ga mutane sun tsaya suna jefa musu ayaba a ƙarƙashin allunan. Muka tsaya ɗaukar hoto. Inna ta buɗe tukunyar dambu don ta zuba mana na karin kumallo, ta ajiye murfin a kan but ɗin mota. Wani ƙaton biri ya diro, bai taɓa dambun ba, ya sure murfin ya haye dutse. Inna ta bi shi da faɗa da Hausa, ƙanwata da Larabci, shi kuwa ya zauna can sama yana duba fuskarsa a ciki. Murfin nan tun daga Kano ya zo. Da faranti muka rufe tukunyar har muka dawo.

A saman Hada sanyi ya karɓe mu. Mu mutanen Makka da muka saba fanka ko a watan sanyi, sai ga hayaƙi yana fita daga bakinmu. Inna ta sa hular ulu a kan ɗankwali, ta ɗora mayafi, ta yafa bargo, ta zama kamar buhun auduga mai tafiya. Masu sayar da kaya sun jeru a bakin titi: rumman, inabi, zuma, ruwan wardi a kwalabe, masara gasasshiya. Masara ɗaya riyal biyar. Inna ta juya ta, ta ce a Kano wannan ko kyauta aka ba ta sai ta yi tunani. Ta ci biyu. Shayin gawayi mai na'ana'a kuwa, riyal uku, ya cancanci kuɗinsa har da ƙari.

Daga nan muka je telefirik, wato ɗan akwatin gilashi da ke rataye a jikin waya, yana sauka da mutane daga ƙwanƙolin dutsen zuwa gindinsa. Kuɗin shiga ya yi wa maigidana tsada, amma ya biya. Ni Inna nake ji wa tsoro. Akwatin yana barin dandamali, ƙasa ta ɓace a ƙarƙashinmu, sai na ji an damƙe mini hannu. Na juya in lallashi Inna, ashe maigidana ne. Idonsa a rufe gam, yana karanta duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Inna kuwa ta manna goshi a gilashi tana ba shi labari.

"Alhaji, buɗe ido ka ga tsohuwar hanyar raƙuma. Kai, ka ga motoci kamar ƙwaro! Ashe nan muka biyo?"

"Na gani, Inna."

"Ka gani da ido a rufe?"

Kusan minti ashirin muna lilo a sama. Surukuta ta hana shi ya yi ihu, ita kuma ta hana Inna ta yi dariya da ƙarfi, sai kafaɗunta ke rawa a cikin bargo.

A ƙasa akwai wurin wasa, kuma a nan muka samu abin da ya fi kusa da zamiyar da muka gani a bidiyo. Wani ɗan keke ne mai kujera biyu a kan dogon ƙarfe, a ja ka sama, a sake ka ka gangaro, da sandar birki a hannunka. Ƙanwata ta sa tabaranta ta hau. Da ta sauko Inna ta ce saura ita. Ma'aikacin wurin, wani ɗan ƙasar Indiya, ya dube ta ya dube ni, ya ce in zauna a bayanta in riƙe birki. Muka fara gangarowa a hankali, ina jan birki kamar yadda aka ce. Inna ta buge mini hannu ta ce, "Sake shi mana, kuɗi muka biya!" Na sake. Abin da na sani bayan nan shi ne iska, da hular Inna da ta tashi sama, da muryarta tana salati tana dariya a lokaci guda. Da muka tsaya na sauko ina hamdala. Ita ta ce a sake. Ba a sake ba. Komawa sama a telefirik, maigidana ya zauna a ƙasan akwatin ya ce takalminsa yake gyarawa.

Mun yi azahar a cikin Ɗa'ifa, muka ci saliƙ, shinkafar da ake dafawa da madara da romo har ta yi laushi, a ɗora mata gasasshiyar kaza. Inna ta ce wannan ai talge ne da ya samu gata. Ta cinye nata ta taya ni nawa.

Sai Shafa. Hanyar ta ratsa gonakin wardi da ba su fara fure ba, da bishiyoyi masu duhun ganye irin waɗanda ba mu da su a Makka. Muna hawa hazo yana sauka, har ya zama ba ma ganin motar da ke gabanmu sai jajayen fitilunta. A can sama iyalai sun shimfiɗa darduma a gefen hanya, sun hura gawayi, kowa ya dunƙule. Muka fito muka duba gabas, muka duba yamma. Duwatsu baƙaƙe, jiƙaƙƙu, babu fari ko na magani. Na tambayi wani dattijo mai sayar da zuma ko dusar ƙanƙara tana sauka a nan. Ya yi dariya har da tari, ya ce mu tafi Tabuka, ko Tabukar ma sai an dace. Ƙanwata ta cire tabarau a hankali ta sa a jaka. Ta ce wa Inna, da Hausarta, "Inna, ni na yi ƙarya ba da sani." Inna ta ce ba komai, amma na ga yadda ta kalli duwatsun, raina bai yi daɗi ba.

Muna shirin juyawa sai muka ji ƙwas a kan rufin mota. Sai ƙwas-ƙwas. Kafin mu ankara ƙanƙara ta ɓarke, ƙanana kamar gujjiya, tana dukan kai tana tsalle a titi. Mutane suka ruga motoci. Maigidana ya fizge bargo biyu ya shimfiɗa a kan gilashin gaba, ya kwanta a kai yana kare motarsa da bayansa. Cikin minti goma ƙasa ta yi fari fat, har kan duwatsun. Ƙanwata tana tsalle tana ihu, "Talj! Talj!" wai ga dusar ƙanƙara.

Inna ba ta shiga mota ba. Ta tuɓe takalmi da safa, ta taka farin nan da ƙafarta, ta yi taku uku, ta tsaya. Ta sunkuya ta ɗebo cikin tafin hannu, ta jefa ɗaya a baki. Ta ce, "Wannan ai ƙanƙara ce irin ta damina. Muna yara a Kano da kwano muke tara ta." Ta tsotsa, ƙanƙara tana sauka a kan bargonta. Rabonta da ganin irinta tun kafin a haifi ƙanwata. Muka yi mata hoto, ta ce a tura wa ƙanwarta a Kano a ce dusar ƙanƙara ce, ai ba ta da hanyar ganewa.

Mun gangaro bayan la'asar, maigidana yana atishawa, motar tana warin jiƙaƙƙen bargo. Muna sauka zafi yana dawowa, muna tuɓe kaya ɗaya bayan ɗaya, kafin gindin dutsen har an kunna na'urar sanyi. Ga masu niyyar zuwa: ku tafi da rigar sanyi ta gaske, ku riƙe murfin tukunyarku, kada kuma ku yarda da wayar ƙanwar kowa. Ni abin da na koyo ya wuce wannan. Dutsen nan tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ne daga ƙofar gidanmu, amma sai da Inna ta yi shekara talatin kafin ta hau shi, mu kuma da muke da hali ba mu taɓa tambayarta ina take son zuwa ba. Mun ɗauka Harami da kasuwa da gida sun ishe ta, don ba ta taɓa cewa komai ba.

Ana kiran magariba muka hango hasumiyar agogon Makka. Na ɗauka Inna ta yi barci, sai na ji ta taɓa kujerar direba.

"Alhaji, daga nan zuwa Madina awa nawa ne?"

"Kamar huɗu zuwa biyar, Inna. A jirgin ƙasa kuma bai kai uku ba."

"Rabona da ziyara tun shekarar da muka zo, da mahaifinsu." Ta gyara zama. "Ranar Asabar mai zuwa ba ka da aiki, ko?"

Yana da aiki. Ya ce ba shi da shi.