Ƙirjin Kawu

Kawuna mai gadi ne a kamfanin katifa, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya ɗaga abin da ya fi kwanon abinci nauyi ba. Kujerarsa ta bakin get har ta lotsa daidai mazaunansa. A ɗakin da kamfani ya ba shi nake raɓe tun da na gama jami'a. Shi ya sa da sabon manaja ya ce za a gwada ƙarfin masu gadi, wanda ya gaza ya kama gabansa, ni na fara tunanin inda zan koma da kayana.

Kawu ko a jikinsa. Ya cika gwangwanayen fenti biyu da siminti, ya soka bututun ƙarfe tsakaninsu. Kullum da safe sai ya kwanta a benci yana ɗagawa, yana nishi kamar mai naƙuda, ni ina tsaye a kansa ina salati.

Na ce, "Kawu, ƙafafun fa?"

"Ɗan nan, wa ke kallon ƙafa? Wando ya rufe ta. Ƙirji ake gani."

Matarsa tana shanya ta ce, "Ƙyale shi, tulu ne a kan tsinke."

Ƙirji kam ya fito, har maɓallin riga ya yi tsalle.

Ranar gwaji manaja ya busa usur, ya ce a zaga filin ajiye motoci da gudu. Kawu ya dubi damatsansa kamar za su ba shi shawara. Kafin kwanar farko ƙafafun suka ce ba da su ba, ya kifa rub da ciki, bai ko motsa ba. Na ruga ina ihu, "Ya mutu! Ya mutu!"

Ya buɗe ido ɗaya. "Rufe mana baki, hutawa nake."

Manaja ya zo ya tsaya a kansa, ya daɗe yana kallon kafaɗun. Ya ce gadi dai ya ƙare, amma wannan ƙirjin asara ne a kan kujera, a kai shi wajen lodi.

Ɗaki bai kuɓuce mana ba. Kawu kuwa yanzu daga safe zuwa yamma katifu yake jida zuwa bayan mota, karo na farko da gumin aiki ya san hanyar goshinsa. Jiya ina shafa masa man zafi ya ce, "Gobe ka shirya mu tafi. Na gaya musu akwai wani ƙato a ɗakina da ba ya komai."