Ƙarar Babura a Ajin Firamare

Wasu bayanan sun fara kwance mini, amma ranar da muka gwada wasan kwaikwayonmu na rediyo a Birnin Gwari ba ta taɓa fita daga raina ba. Ina jin da damina ne. Ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, ina aikin haɗa sauti a wani ƙaramin situdiyo.

Wasan a kan zaman lafiya ne, kuma akwai inda mahara ke shiga ƙauye. Furodusanmu, Malam Sabi'u, ya ce, "Injiniya, so nake mai sauraro ya ji abin a ƙirjinsa." Na ɗauki ƙarar babur ɗaya a bakin tasha, na ninninka ta a kwamfuta ina sauya kaurin kowace, har ta zama ayari. Na sa mata amsa-kuwwa kamar daga cikin daji, ta taso daga nesa tana matsowa.

A ƙa'idarmu, kafin a watsa shiri sai an kunna wa mutanen wurin an ji ra'ayinsu. Muka tara jama'a a wani ajin firamare a unguwar Magajin Gari, yawancinsu waɗanda suka baro ƙauyukan wajen Dogon Dawa. An faɗa musu wasa ne. Wannan kam na tabbata.

Da baburan suka taso daga lasifika, wata tsohuwa, Inna Hajara, ta zube ƙasa ta rarrafa ƙarƙashin benci tana kiran Isuhu. Daga baya na ji ɗanta ne, ya rasu. Ɗankwalinta ya zame a gaban maza. Na kashe na'urar.

Da mata suka ɗago ta suka gyara mata ɗauri, ta nufo ni. Na zaci faɗa za ta yi.

"Ɗana, ka yi haƙuri, na ɓata muku aiki," in ji ta. "Sake kunnawa, wannan karon zan daure."

Ban sake ba.

Mun cire baburan. A madadinsu muka sa ƙarar sakata ana rufe ƙofa, sai shiru. Haka aka watsa shi.

Abin da zan gaya wa ƙannena a wannan aiki, in ban yi kuskure ba: kafin ka ƙawata sauti, ka tambayi kanka wa ya taɓa jin sa da gaske. Waɗanda suka halarci zaman, in na rage ko na ƙara, don Allah su gyara mini.