Ƙafata Lamba Talatin da Bakwai Ce

Shekarun baya, lokacin da na samu aiki a Abuja, tsadar haya ta koro ni Suleja, na kama ɗaki ɗaya a unguwar Hashimi. Ban san kowa a garin ba. Da sassafe in bi bas, in dawo bayan magariba, mu gaisa da maƙwabta a bakin famfo, shi ke nan. Ranakun aiki da sauƙi. Asabar da Lahadi ne ke yi mini tsawo, har nakan wanke kayan da ba su yi datti ba don dai in ga na yi wani abu.

Wata rana wani abokin aikina ya ce suna da ƙungiya, duk Asabar sukan fita hawan duwatsu, in ina so in zo. Sai dai in nemi takalmin hawa mai kama ƙasa, don ba sa tafiya da mai silifas. Saurin da na amsa masa har ya ba ni kunya.

To ga abin da ban taɓa faɗa muku ba. Ni babban mutum ne da gemuna, amma ƙafata lamba talatin da bakwai ce. Takalman maza kuwa yawanci daga arba'in suke farawa.

Na shiga kasuwar Suleja, layin ƴan gwanjo, rumfa rumfa. Duk wanda na faɗa wa lambar sai ya tambaye ni shekarar yaron nawa. In na ce ni ne yaron, sai ya kalli fuskata, ya kalli ƙasa, ya danne dariya. Wata Madam ƴar kudu, mai rumfa a ƙarshen layin, ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta sa na taka wani kwali, ta zagaye ƙafar da biro, ta karɓi lambar wayata, ta ce in an buɗe sabuwar dila za ta duba. Na ɗauka maganar ƴan kasuwa ce. Na je gaba na sayi arba'in da ɗaya, na ce safa uku za su cike sauran.

Ba su cike ba. Asabar ɗin da muka fita, tun a gindin dutsen ƙafata ke yawo a ciki, in na yi sama dunduniya ta fita, in na gangara yatsu su daki gaba. Kafin mu kai rabi bororo ya fashe mini a ƙafa biyu. Na ce wa abokina su ci gaba, zan huta in biyo su. Ya ce to, ya wuce.

Na zauna a kan wani falalen dutse, na cire takalmin, ina jin dariyarsu tana saukowa daga sama. Na daɗe a wurin. Da suka sauko aka raba lemo, aka shiga mota, ba wanda ya tambayi inda na tsaya. Ba mugunta ba ce, ba su ma lura babu ni ba. Ban sake zuwa ba, su ma ba su neme ni ba.

Damina ta yi nisa, wata Asabar ina kwance wayata ta yi ƙara. Na zaci wurin aiki ne, don su kaɗai ke kirana ban da mahaifiyata.

"Oga mai ƙaramin ƙafa, zo ka gwada, na ajiye maka."

Madam ce. Na tari keke na tafi. Ta ciro takalmin daga ƙarƙashin tebur, ruwan toka, da igiya ruwan hoda. Na ce mata ai wannan na mata ne.

"Dutse bai san na mata ba," in ji ta. "Sa ƙafa."

Na sa. Tunda na girma ban taɓa jin takalmi ya riƙe ni haka ba, ba matsi, ba lilo. Na yi ta kai da komowa a gaban rumfar, tana kallona tana cin gyaɗarta.

A lokacin an riga an yi wa abokina canjin wurin aiki, ƙungiyar ma ta watse. Don haka ni kaɗai na koma dutsen nan. Na wuce inda na zauna a baya, na kai har sama. Gari ya bazu a ƙasa, rufin kwano iya ganinka. Na juya zan ce wa wani ka ga kyau, babu kowa. Sai na kira mahaifiyata. Ta saurare ni tsaf, sannan ta tambaye ni me na yar a kan dutse da zan je nema, kuma na ci abinci kuwa?

Yanzu na bar Suleja, ina da iyali da mutanen da za su lura in babu ni. Amma har yau in na ga baƙo a wurin aiki yana saurin amsa gayyata, nakan gane shi, kuma in muna tafiya nakan waiwaya. Bara na bi ta kasuwar don in gaishe da Madam, na tarar mai sayar da caja ne a rumfar, bai ma san ta ba. Ban taɓa tambayar sunanta ba. A duk zamana a garin, ita kaɗai ce ta neme ni ba don ina da aikin da zan yi mata ba.