Hodar da Ta Biyo Mai Jela Gida

Mai Jela ba sunanta na yanka ba ne, amma ko a layinsu ka neme ta da wancan sunan sai an tsaya ana kallon juna. Tun tana 'yar shekara tara aka laƙaba mata shi, lokacin da gashinta ya wuce tsakiyar baya, yara suka riƙa jan kitsonta suna cewa doki ya shigo aji. Ta sha kuka a kan sunan, daga baya ta saba, har ta koma jin daɗinsa. Lokacin da abin nan ya faru tana da shekara talatin da huɗu, gashin kuwa in ta tsefe shi sai ta ɗage shi kafin ta zauna, kada ta danne.

Ciki da falo suke zaune a hawa na uku na wani tsohon bene, ita da 'yarta mai shekara huɗu da ake kira Kurciya saboda rashin hayaniyarta. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi wata guda bai kwana gida ba. Famfon gidan ba ya kai ruwa sama. Duk ɗigon da za a yi amfani da shi sai an hau da shi a jarka, matakala hamsin da biyu. Wankin kan Mai Jela kuwa bokiti uku yake ci, sannan a yini ana shanya, don in ta kuskura ta ɗaure shi da danshi sai ya yi tsami kanta ya yi ta sara. Saboda haka sau ɗaya take wankewa a sati uku.

Amma ba wanda zai ce kan ya kwana biyu bai ga ruwa ba. Tana da tsarinta da ta koya wurin mahaifiyarsu. Manyan kitso shida ake yi mata, a haɗe su baya su zama jela ɗaya. Kullum da safe sai ta jiƙa ɗan tsumma mai laushi ta bi tsagar kitson tana goge fatar kan. Bayan kwana uku uku ta ɗumama mai a tafin hannu ta shafe jelar tun daga sama har ƙarshe, don bakin gashi shi ke fara karyewa. Ba ta sa mataji sai ranar tsifa, ko a ranar ma da yatsu take fara warwarewa. Matashinta kuma rigar yadi mai santsi ta ɗinka masa. Ranar wanki ƙanwarta Auta, wadda ke da shagon ɗinki a wata unguwa, takan rufe shago ta zo, su yini suna tsifa suna gulmar dangi.

"Yaya, ni dai wannan kan naki ya kamata a yi masa ɗaki daban," in ji Auta kullum. "Aurenki ɗaya amma hidima biyu kike yi."

Shekara shida Mai Jela ta yi tana guga a wani gidan wanki, har aka rufe wurin. Bayan wata huɗu tana zaune, wata mata da suka haɗu a mota ta yi mata kwatancen wani sito a bayan garejin gyaran motoci, inda ake neman mata masu saurin hannu. Sitan ba shi da allo, ba shi da taga sai wasu ramuka biyu can kusa da rufi. Ganguna ne ake kawowa, an kankare rubutun jikinsu, cike da wata hoda fara-fara mai ruwan toka. Mata goma sha ɗaya ke zama a dogon benci, kowa da cokalinta, suna zubawa a ƙananan ledoji suna liƙewa. An ce musu maganin ɓera da kyankyaso ne.

Abin da ta fara lura da shi shi ne shirun wurin. A garejin maƙwabta ƙudaje kamar su ɗauki mutum, amma a sitan babu ko guda. Babu gizo-gizo a kusurwa, babu ƙadangare a bango. Manajan kuma bai taɓa wuce bakin ƙofa ba. Daga nan yake tsayawa, hankici a hanci, ya ƙirga kwalaye da ido ya juya. Takunkumi ɗaya ake ba kowace mace a sati. In zafi ya yi yawa sai a kunna wata babbar fanka, hodar ta tashi ta yi ta yawo cikin hasken da ke saukowa daga ramukan nan, ta sauka a kafaɗu da gira. Mai Jela tana ɗaura ɗankwali, amma ba ɗankwalin da zai iya rufe jelar. A baya take lilo, shar da mai.

Wadda ke zama kusa da ita ana ce mata Gajeriya, mace mai ban dariya, da ciki wata biyar. Ta fi kowa daɗewa a wurin. Wata rana ta zame ɗankwalinta ta nuna wa Mai Jela gaban goshinta, fes kamar tafin hannu.

"Kin gani? Ni ma da ina da nawa. Ki ara mini rabin jelar nan in je biki."

"Ciki ne," in ji Mai Jela. "Wasu haka yake yi musu."

"Haka nake ce wa kaina," in ji Gajeriya, ta mayar da ɗankwalin. Wannan karon ba ta yi dariya ba.

A gida kuwa abubuwa suka yi kamar sun gyaru. Kyankyasan da suka addabe ta a kicin suka ɓace. Maƙwabta na kukan sauro, ita ko gidan sauro ta daina saukewa. Da ƙwarƙwata ta shiga ajin su Kurciya, duk yaran sai da aka bi kansu, ban da ita. Mai Jela har faɗi take yi a matakala, wai tsabta ce.

Kurciya tana da wata ɗabi'a tun daga yaye. Ba ta barci sai ta kama bakin jelar uwarta ta naɗa a yatsa, in barcin ya fara ɗaukarta ta kai baki tana tsotsa. Da Mai Jela ta dawo aiki da la'asar, ta wanke hannu da fuska ta sauya kaya, sai su kwanta a katifa su ɗan huta, yarinyar ta lalubo jelar. Wata uku ana haka.

Ciwon ciki ya fara zuwa. Aka ce tsutsa ce, aka ba ta magani. Sai amai, sai ƙin abinci. Daga nan yarinyar da ke hawa benen da gudu ta fara tsayawa a hawa na ɗaya tana miƙa hannu a ɗauke ta.

"Umma, tururuwa na tafiya a ƙafata."

Mai Jela ta duba, ta kakkaɓe, ba komai. Ita kanta yatsunta sun fara yin wani irin dundum da safe kamar ba nata ba, kanta na yawan ciwo, amma ta ɗora wa jarka da matakala. A satin ne kuma Gajeriya ta daina zuwa. Da suka tambaya, manajan daga bakin ƙofa ya ce ta yi tafiya. Aka kawo wata ta zauna a gurbinta, aka miƙa mata cokalin.

Ranar tsifa Auta ta zo. Ta warware kitso na farko, ta sa mataji, ta ciro shi ta tsaya tana kallo. Dattin kai da ta sani baƙi-baƙi ne. Wannan kuwa wani abu ne mai kauri, ruwan toka, ya cakuɗe da mai ya toshe haƙoran matajin. Ta kai hanci ta kawar da kai.

"Yaya, me kuke zubawa a ledojin nan?"

"Na faɗa miki, maganin ƙwari."

"Yatsuna ƙaiƙayi suke yi."

"Ke dai kin fiye tsirfa. Yi ki gama, rana na yi."

Ruwan farko da suka zubar fari ya fita kamar an dama alli. Ya gangara ta kwatar baranda, inda wasu tururuwa suka yi layi. Da Auta ta fito shanya tawul ta tarar da layin yana nan yadda yake, sai dai ba mai motsi a ciki. Ta kira yayarta ta nuna mata. Mai Jela ta daɗe tana kallo, amma abin da ta ce shi ne za ta riƙa tura jelar cikin riga. Ta tura ɗin, kwana biyu, zafi ya sa ta fito da ita. Aiki ba ya samuwa a bakin titi, kuma mijinta bai dawo ba.

Kwana goma sha tara bayan wannan, tana taje wa Kurciya kai da safe, sai gashin yarinyar ya biyo matajin, dunƙule guda, ba tare da ta ce wayyo ba. Mai Jela ba ta je aiki ba. Ta saɓa ta a kafaɗa sai asibiti.

Likitar, wata dattijuwa mai gilashi, ta duba idon yarinyar da farcenta, ta ƙwanƙwasa gwiwarta, ta yi ta tambaya. Me take ci? Ina kuke ɗebo ruwa? Akwai wani magani a ɗaki da hannunta zai kai? Mai Jela ta ce babu, ita ko leda ɗaya ba ta taɓa kawowa gida daga wurin aiki ba.

"Wane aiki?"

Tana cikin bayani, Kurciya da ke kwance a cinyarta ta gaji, ta miƙa hannu ta bayan uwar ta jawo jelar, ta naɗa a yatsa ta kai baki. Likitar ta ajiye biro. Ta taso a hankali ta zare gashin daga bakin yarinyar, ta murza shi tsakanin yatsunta, ta dubi abin da ya maƙale mata.

"Baiwar Allah, yaushe rabonki da wanke kan nan?"

Lissafin ya zo wa Mai Jela: kwana goma sha tara. Ita da kanta ta shafa man da ya riƙe hodar, duk bayan kwana uku, da hannunta.

A ranar aka ba Kurciya gado, aka ɗebi jinin uwar ita ma. Likitar ta ce a fitar da katifa da matashi da duk ɗankwalin da ta taɓa zuwa aiki da shi. Game da gashin ta ce ana iya wankewa sau da yawa a gani. Mai Jela ta ce a'a. Ta kira Auta ta ce ta taho da almakashin shago.

A bayan ɗakin marasa lafiya suka yi, kusa da famfo. Auta ta sa safar hannu, ta kama jelar, ta kasa.

"Yaya, shekara ashirin da biyar fa."

"Yanke, Auta. In ba za ki iya ba ba ni."

Sai da almakashin ya ciza sau bakwai kafin ya raba. Suka sa a leda biyu suka kai wa likitar, don ta ce za a aika a auna. Mai Jela ta ji kanta sakayau, har tana tangaɗi in ta juya, kamar an sauke mata tulu ba ta shirya ba. Da Kurciya ta farka ta laluba bayan uwar ba ta sami komai ba, ta yi kukan da ba ta yi ba ko da ake huda mata hannu.

Kwana goma sha bakwai suka yi. A rana ta biyar Mai Jela ta raka wasu ma'aikatan lafiya biyu zuwa sitan. Ƙofar a buɗe take. Ba benci, ba fanka, ba ganga ko ɗaya, an wanke daɓen tas, sai zagayen tsatsa inda gangunan suka zauna. Wani bakanike ya ce shekaranjiya mota ta zo ta kwashe komai, bai san inda aka nufa ba. Matan kuwa ba wadda ta san gidan wata. Gajeriya ma tashar da take sauka kawai Mai Jela ta sani. Ta je can sau huɗu tana tambayar mace gajera mai ciki, mai yawan barkwanci. Wasu suka ce kamar sun santa, ba wanda ya iya nuna gida.

Kurciya ta tashi. Gashinta ya sake tsirowa, tana cin abinci, amma ƙafar hagu har yanzu tana ɗan ja, kuma likitar ba ta yi alkawarin komai ba, ta ce dai a riƙa kawo ta duk wata uku. Mijinta da ya dawo ya nema musu ɗaki a ƙasa. Mai Jela ta koma yi wa Auta guga a shago, yatsunta biyu na dama ba sa jin zafin ƙarfen sosai, sai ta riƙa lura da ido.

Wata biyar bayan haka, a hanyar kasuwa, ta ga ledojin a teburin wani mai sayar da tarkace, tsakanin ashana da batir. Sababbi ne, ko ƙura ba su yi ba. Ta tambaye shi inda yake samowa. Ya ce wani ne ke kawowa a babur duk Talata, bai san sunansa ba. Mijinta ya ce ta bar maganar, mutanen da ke kwashe sito a yini ɗaya ba abokan wasanta ba ne. Auta ma ta roƙe ta. Duk da haka ranar Talata ta je ta zauna a wani dakali da ke kallon teburin, tun hantsi har rana ta karkata. Mai babur bai zo ba. Da ta tashi tafiya mai teburin ya kira ta ya ce mutumin ya sauya rana, kuma jiya da ya zo ya tambaya wace mata ce ke nemansa.