Jan Gashin Wutsiyar Aku

An kira ni ƙazama a gaban baƙi, a kan laifin da ban yi ba, kuma ko zan manta komai na rayuwata, wannan makon ba zai fita daga kaina ba. A lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba, sai da na yi jika na shiga ajin manya. Amma tsafta ba a aji na koye ta ba.

Girki aka ɗauke ni yi a gidan wani Alhaji a Nasarawa GRA. Daga Tudun Murtala nake zuwa kullum da safe, a shekarun da aka hana mata hawa acaɓa, muka koma cunkusuwa a adaidaita. Da mai shara ta tafi, sai Hajiya, matar gidan, ta haɗa min da kejin akunta. Na yi mita, amma na karɓa, kuma ni in na karɓi aiki sai ya gaji da ni. Kullum sai na zare farantin ƙasan kejin, na zubar da jaridar jiya, na goge shi da ruwan zafi da soso, na shanya, na shimfiɗa sabuwa. Kwanon ruwansa kuwa, da a ciki aka ba ni fura zan sha. Har muka shaƙu da tsuntsun. Ina shigowa zai ce "Iya, an tashi lafiya?" da muryar Hajiya sak.

Ana cikin haka kakar zaɓe ta kama, wutsiyar akun ta fara ƙarewa. Jan gashin nan mai kyau ya riƙa raguwa, tsuntsun ya daina cin gwaiba, ya koma takurewa a lungu. Ranar da ƙawayen Hajiya na Islamiyya suka zo, ɗaya ta leƙa kejin ta ce ai ƙazanta ce ke kawo ƙwarƙwatar tsuntsu. Ina ajiye musu lemo Hajiya ta ce, "Iya ce ƙazamar, ba ta wanke shi yadda ya kamata. In ya mutu sai ta san inda za ta nufa."

Na ɗauki tire na koma kicin, don da na buɗe baki da a ranar aikin ya ƙare. Amma washegari da na zare farantin sai na tsaya ina kallonsa. Gashin da ya zube da kansa ai ƙasa yake faɗowa, ni kuma nake share ƙasan. Ban taɓa tsintar ja ko ɗaya ba. Sai ɗan ɗigon jini a kan jarida. Ina tsugune a wurin, akun ya karkata kai ya yi wata magana da ban taɓa ji a bakinsa ba, da muryar namiji ƙasa-ƙasa: "Tsaya mana, ɗan albarka, tsaya mana."

Nan na gane. Wani ne ke fige shi.

Na lura cewa bayan azahar, in aka ɗauke wuta aka tayar da janareto, ko akun ya yi kuka a baranda, inda kejin yake, ba mai ji a cikin gida. Don haka a ranar, da na sauke abinci, na shige sito, wanda tagarsa ke kallon kejin, na zauna a kan buhun shinkafa da tsintsiya a hannu. Zafi kamar zai dafa ni, amma na kafa wa kejin ido. Janareto na tashi sai ga ƙanen Alhaji, mai neman kansila, wanda 'yan gidan suka riga suka fara kira Honarabul. Ya waiga hagu da dama, ya zaro hankici ya rufa wa akun a kai, ya cusa hannu wajen wutsiya.

Ban san lokacin da na banko ƙofa ba. Ya firgita, hankicin ya zame, akun ya damƙe masa babban yatsa ya ƙi saki. Ga ƙaton mutum cikin shadda yana tsalle da keji a hannu, ga ni na tare hanya da tsintsiya ina kwala wa Hajiya kira.

"Iya, don Allah ki rufa min asiri, zan miki alheri," in ji shi.

"Honarabul, ni wa ya rufa min nawa? Tun ba a zaɓe ka ba ka fara figar na gida, ina ga ka hau kujera?"

Hajiya ta fito ko mayafi babu. A gabanta ya amsa cewa wani mai tsibbu ne ya ce ya kawo jan gashin aku, wanda aka cira daga mai rai, ba wanda ya faɗo ba, a ɗinke masa a laya don maganarsa ta riƙa shiga kunnen jama'a. Hajiya ta yi ta salati, ta ce a gidanta, a wannan zamani, ake wannan shirka. Ni dai dariya ce ta kama ni har na zauna a ƙasa.

Da yamma ta aiko min da turmin atamfa. Na mayar. Na ce a gaban mutane aka ɓata ni, a gaban mutane za a wanke ni. Ta ji nauyi, amma da matan suka dawo ta faɗa musu da bakinta, ina tsaye riƙe da tire.

Abin da na koya shi ne, in aka yi maka ƙazafi a kan aikinka, kada ka ɓata lokaci wajen kuka, koma ka duba aikin, shi zai tsaya maka shaida. Washegarin kamun Honarabul, kafin na shiga gidan na biya ta shago na sayi ƙaramin kwaɗo. Na wanke kejin tas, na datse shi, na rataya makullin a wuyana.